Jinyar Bidi a Obiagu

Ni ban taɓa hawa doki ba, ban kuma taɓa sha'awar hawa ba, amma na yi wa doki jinyar da ban yi wa uwar da ta haife ni ba. Shi ya sa har yau idan na ga mutum ya kulle dabba a ɗaki, ya jibge mata ciyawa, ya karkaɗe hannu ya ce ya gama, sai in ji raina ya ɓaci. Bari in faɗi yadda muka yi da namu. Wanda ya ji ya gyara, wanda bai ji ba kuma jiki magayi.

Sunana Dije. A Fegge ta Anacha aka haife ni, na tashi da Ibo a bakina kamar Hausa. Aure ya kai ni Inugu, unguwar Obiagu, inda muke haya a gidan wata mata mai suna Mama Nkechi. Mijina Malam Garba mutumin Katagum ne, dillalin shanu a kara, wato kasuwar shanu. Ina da 'yata Ladi, ina da goyo, ina toya waina a ƙofar gida. Sai kuma Bidi, dokin da mahaifin Malam ya mutu ya bar masa, wanda ya taho da shi tun daga gida a taragon shanu. Ba noma yake masa ba, ba kaya yake ɗauka ba. Ci ne aikinsa, sai yammacin Juma'a Malam ya ɗora masa sirdi su zaga gari yara na bin su. Kullum da safe Malam zai ja shi bakin layin dogo ya kafa masa turke, ya wuni yana tsintar ɗanyar ciyawa, da yamma a dawo da shi wani ɗan ɗakin katako da ke bayan gida.

Sai shekarar da ƙasa ta rikice. Jiragen ƙasa suka fara sauke mutanen Gabas da suka tsira daga kashe-kashen Arewa, wasu da rauni, wasu sun dawo su kaɗai daga gidan da suke da yawa. Ba sai an gaya mana ba, mun san idan aka zubar da jini a can, a nan ma za a nemi wanda zai biya. Na daina kafa tanda a waje. Malam ya daina sa babbar riga. Bidi kuwa aka rufe shi ruf, domin doki a bakin layin dogo tamkar ka kafa tuta ce ka ce ga gidan Bahaushe.

A nan kuskuren ya fara, kuma ba da mugunta aka yi shi ba. Malam kan fita sau ɗaya da sassafe, ya ɗauko damin ingirici da harawa daga kara, ya zube wa dokin gaba ɗaya. Tausayi ne ya sa, wai an hana shi iska, kada kuma a hana shi ƙoshi. Bidi ya sa kai, kafin in gama wanke-wanke ya share wurin tas. Daga nan sai ya tsaya haka nan, ciki ba komai, har rana ta faɗi. Da yamma kuma a cika masa kwano da dawa da dusa, ya yi musu haɗiyar yunwa.

Makon farko abin da muka gani bai kai a kira shi ciwo ba. Ya riƙa kama katakon ƙofa da haƙori yana ja, yana wani gurnani kamar mai haɗiyar iska. Mama Nkechi ta zo ta tsaya ta riƙe ƙugu.

“Dije, dokin mijinki zai cinye mini gida,” in ji ta. Da Ibo muke magana ni da ita.

Na gaya wa Malam, ya ce kewar waje ce, zai saba. A ranakun nan ne Baffa Tanko, ƙanin mahaifinsa da ke gadi a kara, ya naɗo tabarmarsa ya dawo wurinmu. Baffa mutumin kirki ne, sai dai duk duniya ba ciwon da bai san maganinsa ba. Ya dubi dokin ya ce kanwa ce ta yi masa kaɗan.

Ranar wata Asabar bayan azahar na ji ana dukan bango. Na leƙa, na tarar da Bidi yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana juya wuya yana kallon cikinsa. Ya kwanta, ya tashi, ya sake faɗuwa ya hau birgima. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, cikin ya kumbura kamar ganga. Malam ya shigo da gudu ba takalmi. Ya duba ko'ina a ɗakin, babu sabon kashi tun jiya.

Aka shiga magani. Aka jiƙa jar kanwa aka ɗura masa. Aka daka tafarnuwa. Aka yi rubutu aka wanke aka shafe shi da shi. Da abin ya ƙi, Baffa ya sa lauje a murhuna ya yi ja, ya yi masa lalas a kwiɓi. Ƙaurin gashin nan ya kwana biyu bai bar min hanci ba. Dokin zai ɗan lafa, Malam ya yi hamdala ya sake jibge masa harawa don ya mayar da ƙarfi, washegari a koma gidan jiya.

Unguwa kuwa sai raguwa take. Yau ka ji masu goro sun tafi, gobe ka ji mai tsire ya kulle ɗaki. Na sami Malam yana zaune a kan turmi a ƙofar bargar.

“Malam, mutane fa tafiya suke.”

“Na gani, Dije.”

“Mu fa?”

“Ki dube shi. Amanar mahaifina ce. In bar shi a kwance haka in ce wa Allah me? Ranar da ya miƙe, ranar za mu tafi.”

“In kuma bai miƙe ba?”

Ya ce, “Sai mu haƙa rami mu rufe shi, mu tafi.” Ya ƙara da cewa in ina so in ɗauki yara in yi gaba, zai biyo mu. Na ce ƙafata ƙafarsa. Na san halin mijina, idan na bar shi da dokin nan ba mai tashinsa daga kan turmin. Abin da nake so ɗaya ne, in ga mun shiga jirgi tare da shi. Allah ya sani, a lokacin addu'ata ita ce ɗaya daga cikin biyun ya zo da wuri, ban damu da wanne ba.

Mako na biyu Mama Nkechi ta ce akwai ofishin likitan dabbobi, amma namiji mai kamar Malam ba zai kai can lafiya ba. Ta ɗaura mini zane irin nasu, ta gyara mini ɗankwali, muka kama hanya.

“Ki yi Ibo kawai,” ta ce. “Kuma ki riƙe bakin nan naki, kada wallahi ta kuɓuce miki.”

Mun tarar da layi har waje. Masu awaki, masu karnuka, wata tsohuwa da kaji a kwando. Hirar layin duka ɗaya ce, wane ya dawo, wane bai dawo ba. Ina tsaye a tsakiyarsu da goyo a bayana, ina gyaɗa kai. Tun hantsi muke nan, sai da inuwa ta juya aka kira mu.

Likitan wani siririn mutum ne mai tabarau, da bandeji a hannunsa na hagu. Na yi masa bayani da Ibo, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da na ambaci doki sai ya ajiye alƙalami ya ɗago ya dube ni.

“Tun yaushe ya daina kashi?” ya tambaye ni da Hausa, Hausa tsab kamar ta mutumin Kano.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga baya Mama ta gaya mini ya yi shekaru yana aiki a Arewa, a ɗaya daga cikin jiragen nan ya dawo, kuma ƙaninsa bai dawo ba.

Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Da la'asar sai ga shi a kan keke. Malam ya yi masa sannu da zuwa, bai amsa ba. Na kawo ruwa, bai kalli kofin ba. Ya shiga barga ya kara kunne a cikin Bidi, ya ɗaga leɓensa ya duba dasashi, sannan ya zura masa wata doguwar roba ta hanci ya ɗura masa wani farin mai. Da ya ga tabon lalas sai ya juya wajen Baffa.

“Baba, cikin ne ke ciwo ko fatar?”

Baffa ya ce haka aka gada. Likita ya kau da kai. Ya sa Malam ya nuna masa yadda yake ba da abinci, ya girgiza kai. Sunan ciwon da ya faɗa, kolik, ya zauna mini a ka har yau. Ya ce tumbin doki ɗan ƙarami ne bai dace da girman jikinsa ba, kuma doki ba ya amai, duk abin da ya shiga sai dai ya fita ta baya. Ya ce Allah ya yi shi ne ya wuni kansa a ƙasa yana tsinta. Idan ka cika shi lokaci ɗaya sannan ka bar shi da yunwa, ka haɗa masa ciwo biyu.

“Kaɗan-kaɗan, yini guda,” ya ce. “Kada bakinsa ya zauna banza, kada kuma ya cika. A ɗauke hatsi gaba ɗaya. Ruwa kada ya yanke. A riƙa zagayawa da shi ko a tsakar gida ne.”

Da zai hau keke Malam ya bi shi ya ce, “Likita, mun ji abin da ya same ku. Allah ya ba da haƙuri.”

“Dokin na zo dubawa,” in ji shi, ya tafi.

Na ji zafin wannan magana, ba zan ɓoye ba. Amma mutumin da aka yi wa abin da aka yi masa, ya tako keke ya zo ya sa hannunsa mai ciwo a bakin dokin Bahaushe, ba ni da abin da zan ce masa sai godiya. Ban san sunansa ba, ban kuma manta fuskarsa ba.

Kaɗan-kaɗan a baki abu ne mai sauƙi. A aikace kuwa wani ne zai tsaya. Malam ba shi da zuciyar yi, da dokin ya yi masa haniniya sai ya ƙara masa runguma guda. Sai aikin ya dawo kaina. In ɗebi cikin hannu in miƙa, in koma in hura wuta, in dawo in miƙa, in ba goyo nono, in dawo. Kara ta watse, ingirici ya yanke, sai wasu dangin Mama ke yanko mana ciyawa muna shanyawa a kan kwanon rufi. Ga damina ba ta gama ba, da hadari ya taso sai a hau kwasa. Wadda ta yi fumfuna a zubar, don likita ya ce ita ma guba ce. Tandar wainata a kuɗin ciyawar nan ta tafi, da zannuwana biyu na aure. Bayana ya riƙe, ƙafafuna suka kumbura, na zama ba na iya tuna ko na ci abinci.

Amma ya yi amfani. Kumburin ya sace, ya fara kashi ɗan kaɗan mai tauri. Na fara ɗaure kaya a ɓoye.

A mako na uku ne Baffa ya yi mana aika-aika. Shi a wurinsa dokin da ake ƙirga haƙarƙarinsa abin kunya ne ga mai shi. A gidansu idan doki ya rame ɗura ake masa, a dama gero da kanwa a cura a riƙa tura masa a maƙogwaro har sai ya cika. Ya faki idona na tafi famfo, ya ɗebi geron kununmu ya yi wa Bidi ɗura ta gani ta faɗa. Kafin magariba dokin yana ƙasa yana shure-shure, ya fi na farko muni.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

“Baffa, da girmanka! Ni ina nan ina kashe kaina da cikin hannu, kai kana bayana kana rushewa? Ko so kake mu mutu a garin nan saboda kada a ce dokin gidanku ya rame?”

“Dije!” in ji Malam.

“A bar ni in faɗa, Malam. Na gaji. Wallahi na gaji.”

Baffa ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ce to ga abin da ya hango nan a kwance. Bai sake yi mini magana ba, kwana biyu a tsakani ya bi wasu mutanen kara suka shiga jirgi. Na so ya tafi da daɗin rai, amma ban iya tsayar da shi ba.

Likita bai sake zuwa ba, ya dai aiko da kwalbar man nan ta hannun Mama Nkechi. Muka ɗura, muka tashe shi da ƙyar, ni da Malam muka riƙa jan sa muna zagaya tsakar gida kamar masu sussuka. Ladi na zaune tana kuka don ba a dafa komai ba. A makon ne aka yi shela a rediyo cewa duk wanda ba ɗan yankin ba ne ya tattara ya bar shi. Mama ta zo ta zauna kusa da ni, ta karɓi goyon.

“Dije, ba wanda zai tare doki ya tambaye shi garinsu,” ta ce. “Ku za a tambaya.”

Na ce na sani, ta je ta gaya wa mai dokin.

Wata safiya ina kwance na kasa tashi, idona ya sauka a kan ragayar da nake rataye ƙwaryar nono a ciki. Na ce wannan abin da ya hana ɓera kaiwa ga nono, ba zai hana doki cika baki ba? Na sauke ƙwaryar, na cusa ingirici, na rataye masa. Ya fizge shi cikin ɗan lokaci, don ramukan sun yi faɗi. Na samo igiyar rama na zauna na ƙara saƙa, na matse idanun har sai yatsu biyu ke shiga. Na fara ratayewa sama, ƙura ta riƙa zuba masa a ido yana tari. Na sauke daidai ƙirjinsa, inda ba zai ɗaga kai ba kuma kofatonsa ba zai shiga ba.

Ya yi fushi da ita da farko, ya riƙa dukanta da hanci. Yunwa ta koya masa. Ya koma zaro sili ɗaya-ɗaya, yana taunawa, yana zarowa. Damin da yake sharewa kafin hantsi sai ga shi yana kai shi la'asar. Ya bar wa Mama ƙofarta. Ni ma a ranar na yi barcin rana, na farko tun da aka fara.

Ranar da na shiga na ga tulin kashi mai laushi mai tururi a bayansa, sai da na toshe bakina da zane don kada guɗa ta fita a ji mu a waje. Ban taɓa zaton zan yi murna da kashin doki haka ba. Cikin mako guda idonsa ya washe, ya fara haniniya idan ya ji takuna, ba takun Malam ba. To masu barga, ga shi na gaya muku. Dokin da aka hana kiwo kada a haɗa masa da ƙoshin lokaci ɗaya. A sa masa ciyawa a raga ya yi ta zara, a rage hatsi, a bar masa ruwa. Na gani da idona, yana aiki.

Malam ya cika alkawari, ya ce gobe sai tafiya. Ya ari riga da wandon mijin Mama ya tafi tasha ya nema wa Bidi wuri a taragon shanu. Da ya dawo na ga fuskarsa na san da magana.

“Taragon shanun ma mutane ne a ciki, Dije. Har kan rufi.”

Mama Nkechi ta ce a bar mata Bidi, za ta kai shi ƙauyensu. Malam ya yi mata godiya ya ce yaƙi ne ke zuwa, ranar da yunwa ta shigo ba wanda zai ga laifin wanda ya yanka shi. Ya ce ya san hanyar da ake koro shanu ta daji, ya bi ta ba sau ɗaya ba. Mu shiga jirgi, shi zai hau, mu haɗu a karar Makurɗi.

Na durƙusa na riƙe ƙafarsa. Na ce ba haka muka yi ba. Na ce tare ya ce.

“Tafiya na ce, kuma ga shi za mu tafi,” ya ce. Ya dafa kaina. “Da yana kwance ne da ba yadda zan yi. Amma kin tashe shi, Dije. Ke kika tashe shi. Yanzu zai iya hanya.”

Da gari ya waye ya ɗaura sirdi, ya ɗauki Ladi ya juya da ita sau ɗaya ya sauke, ya fita ta ƙofar baya. Bidi na tafiya da ƙarfinsa, gwanin sha'awa. Mama Nkechi ce ta ɗauki kayanmu a ka ta raka mu tasha, ta tura mu ta taga, tana zagin duk wanda ya kalle mu.

Na sauka a Makurɗi na zauna a kara da 'ya'yana har ciyawa ta bushe. Duk wanda ya fito daga kudu na tare shi. Daga nan dangin Malam suka aiko aka kai mu Katagum, na ci gaba da jira a can, har aka yi yaƙin aka gama. Ba wanda ya taɓa ce mini ya ga mutumin, ko ya ga dokin.

Ladi takan tambaye ni tun da ta yi hankali, ko da na san haka za a yi zan zauna in saƙa ragar nan. Wata rana in ce mata zan saƙa, dabba ce mai rai tana shan wahala a gabana. Wata rana kuma sai in yi shiru.